Tukunyar Lottie da "To" Ɗin da Na Faɗa

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame a masallacinmu na Woodbridge, ina neman takalmina sai na ji Rashid, mijin 'yata, yana gaya wa abokansa zai nemi lasin ɗin aikin boila, tukunyar tururi, irin nawa. Ya ce, "Aikin Baba ai kujera ce da geji. Ka zauna ka kalli allura, wata ya ƙare a biya ka." Suka yi dariya. Da ya juyo ya gan ni sai ya rusuna ya ce, "Baba, wasa nake yi." Na ce na sani. Ni ban iya jayayya a tsaye ba, kuma ku yaran yanzu da mutum ya fara dogon bayani sai hannunku ya tafi aljihu neman waya. Shi ya sa na zauna na rubuta. Karatuna bai yi nisa ba, ku karɓe shi yadda ya zo.

Sunana Isiyaka, a zangon Sekondi aka haife ni. Ina saurayi kawuna ya kai ni tashar jiragen ruwa ta Takoradi ya damƙa ni a hannun Massa Garba, mai kula da wuta a wani tsohon tog. Tog ƙaramin jirgi ne mai ƙarfin tsiya, aikinsa ya ja manyan jirage ya tura su har su jingina da kwata. Namu da tururi yake tafiya. A cikinsa akwai boila, tukunyar ƙarfe ce kwance, ta kai girman ɗaki, cike da ruwa, wuta tana bi ta cikinta ta bututai. Kayan aikinmu ba su da yawa: shebur, dogon rodi na fasa dunƙulen toka, ƙugiya ta jawo garwashi, gwangwanin mai mai dogon baki, sai tsumma a wuya. Na daɗe ina kwasar toka kafin Massa ya bar ni in taɓa shebur. Ranar da ya bar ni, na zuba kwal tuli guda a tsakiyar murhu, hayaƙi ya fita baƙi ƙirin, ya ɗauke ni da mari ya ce in je sama in kalli abin kunyar da na aika wa gari. Kwal watsa shi ake yi, shimfiɗa marar kauri, a fara da kusurwoyi. Mai ido daga bakin ruwa zai kalli hayaƙinka ya san ko ka iya.

Babban abin da ya koya mini shi ne tayar da tukunya mai sanyi. Ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi. In ka matsa wa wuta, ruwan sama zai tafasa na ƙasa yana nan da sanyinsa, saman tukunya ya miƙe, ƙasanta ya ƙi, duk wahalar ta tafi kan haɗin da aka ɗinke da ƙusoshi. Don haka da 'yan itatuwa ake farawa, wutar da ba za ta dafa shayi ba, a bar ta ta yini ta kwana, kana zagayawa kana dafa ƙasan tukunya da tafin hannu har ka ji ɗumi ya sauko. Sannan a kawo kwal.

Kaftin ɗinmu Bafante ne, mai gaggawa. Yakan leƙo ta saman tsani ya yi kira, "Garba! Ina son tururi yanzu-yanzu!" Massa ba ya taɓa ce masa a'a. Babba ne a kansa, kuma a gabanmu yara. Sai dai ya jingina shebur ya ce, "Tooo..." ya ja ta, idonsa a ƙasa. Da kaftin ya ji wannan sai ka ji takunsa yana saukowa. "Menene kuma, Garba?" A nan ne Massa zai yi bayani, su biyu, a hankali. Haka na tashi na gani, haka kowa yake yi a gida. "To" ɗin amincewa daban, "to" ɗin na-ji-ka daban, "to" ɗin sake-tambayata daban, kuma nauyin rarrabewa yana kan mai saurare.

Da na zo Amurka na yi tasi na yi gadi, daga baya na sami lasin na shiga ɗakunan boila na dogayen benayen nan na West End a Alexandria. A nan Rashid yana da 'yar gaskiya. Gas ne, maɓalli ne, in abu ya ɓaci inji ya kashe kansa. Wahalar wurin mutane ce. Tsohuwa a hawa na tara ta kira ta ce sanyi zai kashe ta, na hawa na biyu ya buɗe taga yana zaginka da zafi, duk tukunya ɗaya. Na yi wannan shekaru, ban ce ina jin daɗinsa ba, amma da shi na aurar da 'ya'ya.

Farkon shekarun dubu biyu, ina shagon kayan famfo ina jiran a kawo mini wasu robobi, wani tsohon Bature ya tsaya yana kallon hannuwana. Ya nuna tabon ƙuna da ke jere a damtsena, ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini irinsu. Ya ce, "Ƙofar murhu. Ina ka yi kwal?" Shi ne Walter, tsohon makanikin jirgin ruwa. Ranar Asabar ɗin nan ya kai ni wata tsohuwar kwata a kogin Potomac, ƙasa da Alexandria, ya nuna mini Lottie, wani tsohon tog mai tururi. Su "ita" suke ce wa jirgi, ni ma na saba. Na sauka tsani, warin kwal da tsohon mai ya buge ni, na tsaya ina shaƙa. Walter ya ce, "Kada ka yi mini kuka a kan daɓe, yanzu na goge shi."

Tarihinta a bakinsa na ji shi, gutsure-gutsure, muna aiki. An ƙera ta tun kafin yaƙin duniya na farko, lokacin da jiragen filafilai ba su ƙare ba. Aikinta na farko shi ne fita bakin teku ta jawo su ciki in iska ta ƙi. Daga baya ta ja kwale-kwalen kwal da na katako tsakanin Baltimore da Norfolk, ta fasa ƙanƙara da hancinta a shekarun sanyi don masunta masu kamun kawa su sami hanya, ta jingina jiragen soja da kwata a yaƙi biyu. Da dizal ya zo aka yar da ita a wani lungu, ta zama wurin kwanan tsuntsaye. Wata 'yar ƙungiya ta masu sha'awa ta ɗauko ta. Shugabarsu Madam Joan, tsohuwar malamar makaranta, ita ce mai neman taimako da takardun izini. Sauran ba 'yan ruwa ba ne, akwai likitan haƙori, akwai ma'aikatan ofis, suna zuwa ranar hutu da safar hannu sababbi. Tukunyar Lottie ita ce ta asali. Walter ya ce ire-irenta da suka rage suna aiki ba su da yawa, kuma duk abin da muke yi a jirgin nan, fenti ne ko igiya, don ita ne. Ranar da tukunya ta mutu, Lottie ta koma tarin ƙarfe.

Aikin da na fi tunawa shi ne fasa gansakukar ciki. Ana zubar da ruwa, a buɗe wata ƙofa mai siffar ƙwai wadda sai ka miƙa hannu ɗaya da kai sannan kafaɗa ta bi. A ciki kana kwance kan bututai da tocila a baki, kana bugun ƙarfe da 'yar guduma, ɓawon gishirin ruwa yana zubo maka a ido. Ba bugun banza ba ne, saurare kake yi. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda ya ci ya yi siriri amsarsa a dushe take. Walter ƙato ne, ba ya shiga, sai ya zauna a bakin ƙofar yana tambaya. Zak yake kirana.

"Zak, yaya na hagun nan?"

"Oke."

"Wane oke? Oke naka uku ne. Wannan na Allah-ya-kiyaye ne, na ji shi. Koma ka sake bugawa."

Ba wanda ya koya masa. Da na koyi Turanci, "oke" na ɗauka na zuba masa duk abin da "to" ke ɗauka, shi kuma zama ya sa ya gane. Har yakan kwaikwaye ni a gaban mutane, ya sunkuyar da kai ya ja ta, "Okeee," su yi ta dariya ba su san me yake nufi ba.

A nan zan faɗi halina, don yana cikin labarin. Ban koya wa kowa komai ba a jirgin nan. Likitan haƙorin, Dakta Ray, ya yi ta roƙona in nuna masa wuta. In ya ɗauki shebur ya watsa sau biyu sai in yi tsaki in karɓe. In ya tambayi dalilin da muke fara wuta tun ranar Alhamis don fita ranar Asabar, sai in ce haka ake yi. Walter ya sha yi mini faɗa. "Zak, mu biyu tsofaffi ne. Ka buɗe baki." Ni kuwa ina ganin da mari na saya, ba zan bayar a kan kofi da biskit ba. Kuma ina son yadda suke tsayawa baya suna kallona in na buɗe ƙofar murhu. A benen Alexandria ni ne mutumin ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya san sunana sai ruwan zafi ya ɗauke. A Lottie ana jirana.

Mun yi shekaru masu kyau. Da rani mukan fita da ita, yara 'yan makaranta su cika samanta, Walter yana kan inji, ni ina kan wuta. In aka ja usur ɗinta har wata gada da ke can saman kogi ana ji.

Mummunar shekara ita ce wadda dusar ƙanƙara ta rufe gari har aka daina fita. Dama tun karyewar kasuwa masu taimako sun ja baya. Cikin sanyin nan Walter ya faɗi a gida, ɓarin jikinsa ya shanye, aka kai shi gidan jinya a Manassas. Daga nan mutanen jirgi suka fara ce mini Cif, wato shugaban ɗakin inji. Na hana sau ɗaya, ban sake hanawa ba. Ga shi kuma Lottie tana bukatar a fitar da ita daga ruwa a gyara ƙasanta, abin da ya fi ƙarfin ƙungiyar. Madam Joan ta yi ta yawo har ta sami wasu masu hali da suka yarda su zo wata Asabar da bazara su ga jirgin yana tafiya da idonsu.

Motar kwal da itace ya kamata ta zo tsakiyar mako. Ta lalace a hanya, ba ta iso ba sai safiyar Asabar ɗin. Ni kuma na yi sakaci, ina fama da aikin benayen Alexandria, ban nemo ko guntayen katako na fara ɗumama ta ba, na ce ai motar tana tafe. Tukunyar ta yi sanyin hunturu gaba ɗaya. Na dafa ƙasanta kamar na dafa dutse a rafi. Baƙi kuma da la'asar za su zo.

Muna tsaye a kwata, ana sauke kwal, mutanen jirgi duk sun kewaye mu. Madam Joan ta zo da waya a hannu. Ba ta matsa mini ba, wannan ina so ku riƙe. Ta ce, "Cif, kai ne ka sani. In muka kunna yanzu, za mu sami tururi kafin su zo? In ba zai yiwu ba in kira su tun da wuri."

Mace ce da ta girme ni, shugaba, ta yi wata da watanni tana bin mutanen nan, kuma a gaban jama'a ta tambaye ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Okeee."

Na tsaya ina jiran ta ce, menene kuma? Ina jiran ta ja ni gefe. Ta ce, "Madalla! Na gode, Cif," ta juya tana danna waya. Dakta Ray ya tafa hannu ya ce kowa ya kama aiki. A cikinsu ba wanda ya san abin da tukunya mai sanyi take bukata, don wanda zai gaya musu ni ne.

Daga inda nake zuwa inda take tsaye tana waya ba nisa. Ina iya bin ta in ce, Madam, ban gama magana ba. Ban bi ta ba. Na ga kamar namiji ya yi magana a gaban mutane ya dawo ya lashe. Na ce wa kaina wataƙila tukunyar ta jure, ta jure abin da ya fi wannan. Na sauka na kunna.

Na yi duk dabarar da na sani. Na raba wutar, na riƙa zuƙe ruwan ƙasa da famfo ina mayar da shi sama don ya gauraya. Amma rana tana tafiya, kuma bayan azahar na fara zuba kwal kamar ba ni ba. Tukunya tana magana in ana cutar da ita. Sai ka ji ƙas, can kuma ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Dakta Ray ya tambaye ni ƙarar mece ce. Na ce ba komai. Allurar geji mai auna ƙarfin tururi ta tashi, baƙi suka iso da hulunan rana, aka ja usur, aka yi tafi. Mun bar kwata, ba mu kai tsakiyar kogi ba na ji wani sauti a ƙarƙashin ƙafata, siririn huci. Na ɗaga farantin daɓe na haska. Ruwa ne yake fita daga haɗin ƙasa, layi guda, yana zama tururi kafin ya taɓa komai. Na duba gilashin da ke nuna ruwan tukunya, ruwan yana sauka ina gani.

Wannan kaɗai na yi daidai a ranar: ban tsaya tambayar kowa ba. Na ɗauki ƙugiya na jawo wutar waje gaba ɗaya a kan daɓe, Ray yana watsa mata ruwa, ɗakin ya cika da toka da hayaƙi har ba ma ganin juna. Da sauran tururin da ke ciki muka lallaɓa muka koma. Ba wanda ya ƙone, alhamdu lillahi. Baƙin suka sauka suna kakkaɓe riguna, suna cewa abin tausayi.

Insifekta ya zo daga baya ya matsa wa tukunyar ruwa don gwaji. Ba haɗin kaɗai ba ne, farantin ya tsage daga ramin ƙusa zuwa ramin ƙusa, wurin da ba a kaiwa sai an cire rufin jirgi an ɗaga tukunyar. Ya ce tsufa ne, ƙarfen shekara ɗari, wa zai yi mamaki. Kowa ya karɓi wannan. Madam Joan ma har ta ba ni haƙuri.

Na je Manassas wurin Walter. Yana kan keken marasa lafiya a bakin taga, bakinsa ya karkace, maganarsa sai ka matso. Labari ya riga ni. Ya ce, "Ka ce mata a'a?"

Na ce, "Na ce mata oke."

"Wanne?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona da idonsa ɗaya da ciwon bai taɓa ba. Ya ce, "Ita ba ta jin yarenka, Zak. Ni ma shekara nawa na yi kafin in ji." Sai ya ce in tura shi waje ya sha iska, bai sake tayar da zancen ba har na tafi.

Daga can ban koma gida ba, na wuce wurin Madam Joan na gaya mata komai, har da bayanin "to". Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Wato da na sake tambaya sau ɗaya, shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Da ka ce a'a, da na yi fushi da kai na awa ɗaya." Ba ta gaya wa sauran ba. Ni na gaya musu, a taron da ya biyo.

To, Rashid, kai da abokanka, ku nemi lasin ɗin, sana'a ce mai albarka. Allura kowa zai iya kallonta. Amma wata rana mai gidan zai tsaya a kanka, yana da kirki, yana cikin matsi, ga mutane suna ji, ya tambaye ka ko za a iya. Ku da kuka tashi a nan wataƙila bakinku ya fi nawa sauƙi. Ban sani ba. Na ga yadda kuke yi in wani dattijo ya sa ku aikin da ba kwa so a masallaci, irin sunkuyon nan namu ne.

Lottie ta zauna a kwata wasu shekaru babu wuta. Muka ci gaba da fenti, yara suna zuwa ana nuna musu murhu mai sanyi. A lokacin ne na koya wa Dakta Ray watsa kwal, da tsakuwa, a cikin murhun da ba zai sake ci ba. Ya iya kuwa. Amma tsatsa tana cin ƙasanta, ruwa yana shiga, famfo ba ya hutawa, masu kwata suka ce a ɗauke ta kafin ta nutse musu. Aka bayar da ita ga masu yankan ƙarfe can ƙasan kogi. Walter bai ga wannan ba, ya riga ya rasu.

Ranar tafiya wani tog na dizal ya zo da hantsi. Ana bukatar mutum ɗaya a cikinta ya kula da famfo zuwa inda kogin ya buɗe, na ce ni ne. Matuƙin ya miƙo mini rediyo ya ce in ɗaure sandar farfela, fankar da ke tura jirgi, da sarƙa kafin mu kai babban ruwa. Aka kwance igiyoyi, na sauka ƙasa.

Ina duba famfo sai na ji motsi a bayana. Jan da ake mata ya sa ruwa yana tura farfela, farfela tana juya sanda, sanda ta ɗauki inji. Na juya na ga manyan hannuwan ƙarfen nan suna hawa suna sauka, a hankali, ɗaya na bin ɗaya, babu wuta babu tururi. Na buɗe 'yan famfunan da ke ƙasan silinda don ta sami numfashi, ta fara huci, fuu, fuu, kamar da. Na ɗauko gwangwanin mai na bi kowace gaɓa na ɗiga mata, ina bin juyin da hannu yadda ake yi. Na dafa silinda. Sanyi ƙalau.

Haka muka tafi har rediyo ya yi magana, matuƙin yana tambaya ko na ɗaure. Na ce ya rage gudu. Ya rage. Hannuwan suka yi ta sassautawa, suka yi rabin juyi, suka dawo baya kaɗan, suka tsaya. Na zagaya sarƙar a jikin sanda na ɗaure ta tamau, na goge hannuna, na hau sama na ɗaga masa hannu. Ya ƙara wuta.